Hutun Iyali A Bakin Gulbin Argungu

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka arziki ka sam mini ɗan fili a jaridar nan tamu, in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin wata tafiya da na yi sau biyu da iyalina, ta fari na sha kunya, ta biyu na sha daɗi. Na daɗe ina so in rubuto, kunyar ta farin ce ta riƙe mini hannu.

Ni akawu ne a wani ofis a Birnin Kebbi, amma a ƙasar Zuru na yi karatu, a wata makarantar Mishan. Malaminmu na labarin ƙasa yana da wani hoto da ya liƙa a bango, hoton bakin teku a Ingila, ga waɗansu 'yan ɗakunan katako a jere kamar rumfunan kasuwa, ga yara suna wasa da yashi, iyayensu na zaune ba su yin kome. Wannan zama ba aikin kome shi ya fi ba mu mamaki. Malamin ya gaya mana a shekarar 1936 aka yi doka a Faransa cewa kowane ma'aikaci yana da hutun mako biyu a shekara, a kuma biya shi albashinsa, Ingila ta kafa tata dokar a 1938. Ya ce a 1936 ɗin nan kuma wani mutum mai suna Butlin ya gina irin ɗakunan nan da yawa a wani gari, Skegness, yana ba leburori da akawuna haya mako mako, har da abinci, don su kai matansu da 'ya'yansu su sha iska. Tun ran nan na ƙudura a raina in na girma na sami aiki, lalle sai na kai iyalina bakin teku.

To, na girma, na sami aiki, na yi aure, Allah ya ba ni 'ya'ya. Ran nan na zauna da fensir na lasafta abin da zai kai mu Ikko ya komo da mu, kuɗin mota da na masauki da na abinci, sai na ga ko na haɗa kuɗin hutuna na shekara biyu ba za su kai ba. Ina cikin lissafin nan wani abokin aikina, dattijo, Bakabe, ya leƙo ya ga abin da na ke yi, ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da ke da gulbi a bayan gida, me ya kai ka neman ruwan gishiri? Je ka Argungu mana." Maganar ta zauna mini. Gama gulbin nan da ya bi ta Argungu ya zo ya wuce ta gefen Birnin Kebbi, shi ne Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato bayan sun haɗu kusa da birnin Sakkwato, daga nan ne a ke ce masa Gulbin Kabi har ya je ya faɗa Kwara. Tsakaninmu da Argungu kuwa bai fi tafiyar sa'a guda a mota ba.

Da na gaya wa mahaifina, ya dube ni ya ce, "Watau kana da ɗaki, kana da gado, sa'an nan ka kwashi mata da yara ka tafi garin da ba ka da kowa, ka biya kuɗi don ka kwana? Wannan shi ne bokon?" Na rasa amsa. A wurinmu in an ce mutum ya yi tafiya da iyali, to, biki ne, ko suna, ko ta'aziyya, ko jinya. Tafiya don hutawa kawai ba ta da suna a bakinmu, balle a ce da matar aure.

A cikin 1934 ɗin da za ku ji a ƙasa ba ni nan, amma a watan Maris na 2020 ina nan, sa'ad da aka komo da bikin kamun kifi na Argungu bayan an yi wajen shekara goma ba a yi ba. Gari ya ɗauka, ba a maganar kome sai Argungu, ga shi an ce Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari zai zo. Na ce to, ga rana. Wani ya ba ni lambar wani dillali, na kira shi ta wayar hannu, ya ce yana da ɗaki ciki da falo kusa da gulbi, da ruwa da lantarki, har ya aiko mini da hoto. Ya ce in aika da kuɗin kwana biyu gaba ɗaya, da la'adarsa, don mutane sun yi yawa, wanda ya riga biya shi ke da ɗaki. Kuɗin hannuna ba su kai ba, uwargida ta kwashi adashinta ta cika mini. Na aika, ban ga ɗaki ba, ban ga mai ɗaki ba, ban karɓi rasit ba. Ni da na ke wuni a ofis ina mai da takardun mutane don ba hatimi, ni ne na yi cinikin biri a sama.

Muka isa da la'asar, ni da uwargida da yara biyu, ƙaramin yana goye. Zafin bazara ya kama, ƙura ta turnuƙe, mota ba ta tafiya sai rarrafe. Muka sami gidan da kyar. Ɗakin dai yana nan yadda ya ke a hoto, sai dai akwai waɗansu baƙi a ciki sun baza kayansu, sun ce tun shekaranjiya su ke nan, kuma hannun mai gida suka biya. Mai gida ya rantse bai san dillalina ba. Na kira wayar, ta yi ta ƙara ba a ɗauka, can aka kashe ta. Muka zaga masaukai har aka yi sallar isha, ko'ina an cika, har barandar waɗansu an shimfiɗa tabarmi an ba da haya. Uwargida ba ta ce mini uffan ba, da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Muna tsaye gindin wata bishiyar dalbejiya yara na kuka, sai ga wani tsoho da homa a kafaɗa. Ya tsaya ya ce, "Malam, lafiya? Mi ya samu ɗiyan ga?" Na ba shi labari a taƙaice. Ya ce, "Ku taho mu tai gida." Na fara 'yan kame-kame, ya ce shi bai tambaye ni ko ina so ba. A hanya ya ji harshen uwargida, ya ce, "Af, Bakatsina ce? Ashe baiwarmu ce ta komo gida!" Kun san wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa. Nan take ta mayar masa, ta ce ai Bakabe ba ya da abin ba baƙo sai ƙayar kifi. Dariyar da ta yi ita ce ta fari tun da muka sauka a mota. Matansa suka karɓe ta da yara suka shiga ciki, ni kuwa na kwana a zaure tare da 'ya'yansa samari, suna ta ɗinkin koma har dare ya raba. Da safe na miƙa masa kuɗi, ya ɓata rai, ya ce in mai da su aljihu in ba so na ke mu ɓata ba.

A zauren nan ne ya ba ni asalin bikin, ko da ya ke na taɓa karantawa. Tun da masu jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa ba su miƙa wuya ba, suka komo Argungu suka kafa, aka yi ta gaba tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu ziyara, Sarkin Kabi ya tara masunta aka yi masa su don girmamawa. Daga nan abin ya zama biki, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Tsohon ya ce su a wurinsu su ya girmi wannan duka, gama tun kakanni a ke gyaran ruwa da fashin ruwa, ba kuwa mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Ranar babban su kam na ga abin da ban taɓa gani ba. Dubban mutane a jere can nesa da gaɓa, kowa da homarsa biyu da ƙaton gora, aka buga bindiga, suka kwaso a guje kamar an kore garke, ƙasa na rawa, suka auka Matan Fada har ruwa ya ɓace, ba ka ganin kome sai kawuna da goruna. Makaɗa na bin su a cikin kwale-kwale suna zuga su. Cikin sa'a guda an gama. Giwan ruwan da ya ci na ɗaya a shekaran nan kilo 78 ne, sai da ƙarti suka taru suka ɗauke shi zuwa ma'auni. Amma fa ni na gani, da babban yarona da na saɓa a wuya. Uwargida da goyo tana can baya cikin turmutsitsi, ta ce ita abin da ta gani a Argungu ƙeyar mutane ce. Muka komo gida, ba a yi kwana nawa ba cutar korona ta sa aka rufe makarantu da hanyoyi. Mahaifina bai ce kome ba, sai da ya tambaye ni ko gadon Argungu ya fi nawa laushi. Adashin uwargida kuwa wata biyar na yi ina biya.

Na so in bar maganar nan har abada, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ku duba, ya 'yan'uwana, yadda mu ke cin hutunmu. Akawu ya sami hutu, ya karɓi kuɗin hutu, sai ya ɗinka riga, ya wuni a majalisa gindin bishiya, ko ya tafi ƙauyensu ya rarraba wa dangi, ya komo da bashi. In ya tafi da matarsa, daga sauka sai ta ɗaura zane ta shiga madafin surukai, aikinta ya ninka na gida. In malamin makaranta ne, hutunsa sau uku a shekara. Matarsa fa? Tun ran da aka kawo ta ba ta taɓa kwana ɗaya ba ta hura wuta ba, sai in haihuwa ta yi ko ciwo ya kayar da ita. Mu da mu ke cika takardar neman hutu muna kirga kwanakinmu ɗaya ɗaya kada a cuce mu, ba mu taɓa tambaya ko na gida suna da nasu ba. Ni dai abin da na ɗauka mata alkawari ke nan, na kuwa kai ta na tsai da ita a rana.

Sai a watan Disamba na 2023 na sake ɗaura niyya. A shekaran nan ne aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, maganar Ikko ta mutu sam. Wannan karo ban nemi dillali ba, ban kuma jira biki ba. Ran wata Asabar na tafi ni kaɗai, na zaga masaukai uku da ƙafata. Na fari ana sayad da giya a ƙofarsa, na wuce. Na biyu ba ruwa. Na uku 'yan ɗakuna ne daban daban a cikin fili mai itatuwa, ba nisa da gulbi. Na shiga na murɗa famfo, na duba sakata, na ɗaga katifa, na tambayi ƙarfe nawa a ke ta da injin wuta, ƙarfe nawa a ke kashewa, na ba da kafin alƙalami a hannun mai kula da wurin, ya rubuta mini rasit da lambar ɗaki da kwanan wata. Kuɗin kwana uku ba su kai abin da dillali ya ci mini na kwana biyu ba, ga shi kuwa naira ta faɗi a tsakani. Dalili, in ba lokacin biki ba ɗakunan nan a rufe su ke, sai gizo-gizo da ƙadangaru.

Da aka ba yara hutu muka tashi, yanzu su uku ne. Muka ɗauki gidan sauro biyu, da barguna don hunturu ya sauka, da tabarma, da fitila mai caji. Tukunya kam na hana a ɗauka. Muka wuce Ambursa yara na leƙen filin jirgin sama, muka wuce Alwasa inda aka yi yaƙin nan na 1805, kafin hantsi ya dubi ludayi mun sauka.

Argungun da na tarar ba ita ce wadda na sani ba. Matan Fada shiru, ba kowa sai balbelu da wani yaro mai kiwo, gama an hana su a wurin duk shekara don kifi ya tara ya girma kafin biki. Da sassafe hazo ya kan kwanta a kan ruwa har ba ka ganin ƙetare, sai ka ji ƙarar injinan ban ruwa daga fadama, inda manoma ke shirin shinkafar rani. Fadamar nan ita ce arzikin ƙasar. A Birnin Kebbi aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a 2015, a 2017 kuma aka buɗe babban injin casar shinkafa a nan Argungu, amma a 2020 ambaliya ta cinye gonaki masu yawa. Ruwan kansa yanzu ba damina kaɗai ke hukunta shi ba, akwai madatsar Goronyo a kan Rima da ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, in an riƙe a can a ji a nan, in an sako kuma a ji.

Muka kai wa tsohonmu gaisuwa da goro da turmin atamfa don matansa, wannan kam ya karɓa. Ya ce zai sa ɗansa ya zaga da mu a jirgi. Nan uwargida ta kafe. Tun da jirgi ya kife a Kwara kusa da Warra a watan Mayu na 2021 mutane masu yawa suka halaka, ta rantse ɗanta ba zai hau ruwa ba. Na ce ai wancan Kwara ce, kuma lodi aka yi wa jirgin fiye da kima. Ta ce ruwa dai ruwa ne. Na ga tana da gaskiya, gama ba wanda ya iya iyo a cikinmu. Muka shirya a kan sai in an sami rigar nan mai hana nutsewa. Aka yi ta nema a unguwa, da kyar aka samo biyu, sai muka shiga bi da bi, ni da babban yaro, sa'an nan ita da mai bi masa. Ita da ta ƙi, ita ce ta ce wa matuƙi ya ƙara zagaye ɗaya. Wanka a gulbi kuwa na hana, ko da ya ke yaran gari na ta iyo suna kiran nawa. Na san tsargiya, na yi ta ina yaro. Ƙwayarta a jikin katantanwa ta ke girma a ruwa mai kwanciya, ta huda fata ta shiga, ba sai an sha ba. Babban ya yi fushi da ni har azahar.

Rana ta biyu muka tafi gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar Sarakunan Kabi ce, a nan su ke zaune har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958, a cikinta kuma a ke binne sarakuna. Akwai masu da takubba da kwari da baka da layu da tambura. Mai gadin ya ba yara labarin Muhammadu Kanta, wanda ya ƙi biyayya ga Askiya na Sanwai wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, ya gina birnin Surame. Na ji kunya da na ga yarona ya san sunayen 'yan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya, bai taɓa jin sunan Kanta ba, laifin kuwa ba na malaminsa kaɗai ba ne.

Abinci saye muka yi ta yi, tuwon shinkafa da miyar kifi, da soyayyen ƙarfasa da tarwaɗa daga hannun mata a bakin kasuwa. Da safiyar rana ta uku na farka na tarar uwargida a ƙofar ɗaki, ta lulluɓa da bargo tana kallon rana na fitowa ta cikin hazo. Ta ce, "Maigida, yau shekara tara ban ga fitowar rana ina zaune ba." Ban sami abin da zan ce mata ba, na koma ciki na dafa mata shayi a 'yar butar lantarki ta masaukin, na cika sukari.

Ba zan ɓoye aibin wurin ba. Injin wuta ya mutu dare ɗaya, sauro kuwa ko da hunturu bai tafi hutu ba. Babban abin da ya rage shi ne sutura. Ɗakunan ba su da danga, mace ba ta iya zama a waje ta sha iska sai da mayafi, duk mai wucewa yana ganinta. Ina kira ga masu masaukai na Argungu da Birnin Kebbi, da hukumar da ke kula da baƙi, su dubi wannan. Mutanenmu suna ƙyamar kai iyali otal don sunan da ya yi, ba kuwa a banza ya yi sunan ba. Da za a ware waɗansu ɗakuna a ce na masu iyali ne, a kewaye kowanne da zana ko gini, a yi ɗan murhu a gefe don mai son dafa wa yaro kunu, a hana giya da kaɗe-kaɗe a sashen, a ajiye rigunan ruwa goma a bakin gulbi, a kuma rubuta kuɗin kwana a allo a ƙofa don dillalai su rasa abin ci, da ɗakunan da ke rufe wata goma sha ɗaya sun sami masu kwana. Malaman makaranta kaɗai na Sakkwato da Gwandu da Jega sun isa su cika su a hutun Disamba.

Da za mu taso, babban yarona ya tsinke wani kara ya jefa a ruwa, ya ce, "Baba, ina zai tafi?" Na ce in bai maƙale ba zai wuce ta bayan gidanmu a Birnin Kebbi, ya shiga Kwara, ya bi ta Yawuri, ya tarad da madatsar Kainji, in ya tsallake ta sai Jebba, sai Lakwaja inda Binuwai ke shigowa, sai Anaca, daga nan sai teku. Ya ce to shi karan ya riga mu. Na ce ya riga mu.

Mahaifina ya zo ya tarye mu, yara suka rufe shi da labarin jirgi da takobin Kanta, kowa na so a ji nasa. Ya saurara har suka gama, bai dube ni ba. Bayan kwana biyu ya aiko ƙanena ya tambaye ni, wai ɗakunan nan akwai wanda ba shi da matakala, don gwiwarsa, kuma nawa ne na mutum biyu, shi da mahaifiyarmu. Na riga na kai kafin alƙalami, rasit yana cikin aljihuna.

Haza wasalam. Ni ne naka,

Wani Akawu,
Birnin Kebbi.